Kwanon Sabiru a Tabarmar Liman

Sabiru mutumin 'Yankuzo ne, ta ƙasar Tsafe, kuma har furfura ta fara leƙo masa a gemu bai taɓa zama ya tambayi kansa ko shi talaka ne ba. A garinsu ba a wannan tambaya, domin ido ke ba da amsa. Rumbun kowa yana tsaye inda kowa ke ganinsa. In damina ta yi nisa, za ka ga wanda ke shiga nasa ya fito da dami, ka kuma ga wanda kaji suka daina kewaya nasa. Mai rumbun da kaji suka guje wa ba sai ya buɗe baki ba. Wani zai aiko masa da damin gero a ce aro ne, shi ma ya karɓa a matsayin aro, alhali daga mai bayarwa har mai karɓa sun san ba ranar biya.

Akwai shekarar da wasu mutanen birni suka zo da mota fara, suka zaga garin, suka ce ai nan talauci ya yi katutu, tunda ba famfo ba asibitin kirki. Sabiru yana gindin bedi yana sauraronsu, cikinsa cike da fura, shanun nomansa biyu suna tuƙa a turke. Dariya ya yi, ya ce wa na kusa da shi mutanen birni akwai neman magana.

Abu guda da ya gada wurin mahaifinsa bayan gona shi ne ciyayya. Da an idar da magariba, kowane magidanci zai fito da kwanon tuwonsa ƙofar gida, a haɗa a tabarma ɗaya, a ci na wannan a ci na wancan. Tsohon yakan ce namiji ba ya cin tuwo a ɗaki sai in ciwo ya kwantar da shi. Sabiru ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe karatun allonsa, wanda dama bai yi nisa ba.

Sai daji ya lalace. Gonar da ke nesa da gari ta daina shiguwa, shanun suka tafi a hannun ɓarayi, wata rana kuma Sabiru ya duba matarsa Bara'atu da 'ya'yansa ya ga ba zai iya ci gaba da kwana da ido ɗaya ba. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Suka ɗaure abin da ke ɗauruwa suka nufi Bungudu, gidan wani kawunsa. Nan ya yi rani biyu yana ƙodago a fadama, yau albasar wani, gobe raken wani. Kawun bai taɓa ɓata fuska ba, amma gidan ya cika har ana kwana a zaure, kuma Sabiru ba yaro ba ne da sai an gaya masa. Ya yi godiya, ya kwashi iyalinsa zuwa Gusau, ya kama ɗaki a Tudun Wada, ya karɓi hayar baro yana dako tsakanin kasuwa da tasha.

A Gusau ne kansa ya ɗaure, kuma har yau bai kwance ba. Kuɗin da ke ratsa hannunsa a yini ɗaya, a 'Yankuzo sai ya yi wata bai gan su ba. Amma da yamma ta yi sai su bi iska. Ruwa saye, itace saye, har kukar miya da ake tsinka a bayan gari kyauta, nan sai an ƙulla ta a leda an sayar maka. Hannu baka hannu ƙwarya, shi ke nan rayuwar. Wani lokaci yana tura baro sai ya tsinci kansa yana lissafin banza: da can da ba shi da kuɗi an ce masa talaka, ya yi dariya, yanzu da yake taɓa kuɗi kullum ba wanda ya ce masa talaka, kuma dariyar ta ƙi zuwa. Ga shi garin ba rumbu, balle ka duba ka san inda maƙwabcinka ya kwana. Kowa ya fito da rigarsa a wanke, ka gaishe shi ya ce sai godiya.

Abin da ya fara sanyaya masa rai a unguwar shi ne tabarmar Malam Isah, limamin ƙaramin masallacin layinsu. Ashe su ma suna ciyayya. Akwai Yazid tela, mutum mai barkwanci da ba ya rabuwa da zare a wuyan riga, akwai Aliyu mai faci, da wasu magidanta kaɗan. Liman da kansa ya ce masa, "Malam Sabiru, baƙo ba ya ci shi kaɗai. Ka riƙa kawo naka mu haɗa."

Daren farko ya zo da tuwon dawa miyar kuka, irin na gida. Da aka buɗe kwanuka sai ya ga na Yazid shinkafa da wake da mai yana ƙyalli, na Aliyu taliya, na Liman tuwon masara da miyar kuɓewa har da ɗan kifi. Ba wanda ya kushe, sun ma yaba tuwon, amma shi kunya ta hana shi ƙoshi. Da ya koma ya ce wa Bara'atu, "Mutanen nan masu hali na. Don Allah kada ki ba ni kunya cikinsu."

Bara'atu ba ta ba shi kunya ba. Tun daga ranar kwanonsa ya shiga sahu. Miyar ta yi kauri, daddawa ta ji, wata rana har da man shanu. Aliyu yakan ce a fara da na Sabiru tun da zafinsa. Shi kuwa gogan sai ya gyara zama, ya ji a duk Gusau nan ne kaɗai wurin da yake cikakken mutum. A kasuwa "kai mai baro" yake, a tabarmar nan kuwa Malam Sabiru. Bai tsaya ya tambayi kansa yadda awon da yake kawowa, wanda bai taka kara ya karya ba, yake haifar da irin wannan miya. Maza da yawa ba sa wannan tambaya, kuma ba don ba su iya lissafi ba ne.

Ranar da ya gani da idonsa, tayar baro ce ta fashe, ya bar ta wurin Aliyu ya dawo gida tun kafin magariba. Ya tarar da Bara'atu a gindin murhu. Ta kwashe saman miyar, inda mai da daddawa suka taru, ta zuba a kwanonsa ta rufe. Ta zaɓi manyan malmala ta saka. Sannan ta ɗebo ruwa a moɗa ta tuttula a sauran miyar da ke tukunya, ta juya, ta raba wa yara abin da ya rage na tuwon, ta kankare ƙanzo ta jiƙa wa kanta. Autarsu Halimatu Sadiya, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, tana zaune a ƙasa tana lasar ludayi. Sai a lokacin ya lura gashin yarinyar ya yi ja ya yi laushi, wuyanta kuma ya zama siriri.

"Mi ke nan kike yi?" in ji shi.

"Abin da kac ce," in ji Bara'atu, ba ta ko ɗago kai ba. "Ka ce kada in ba ka kunya. Da mi kake so in yi miya biyu?"

Faɗa ya zo masa, ya rasa wanda zai yi wa. Ita dai abin da ya roƙa ta yi. Shi kuma ba ya jin ya roƙi a cire daga bakin 'ya'yansa. Aka kira salla, ya ɗauki kwanon ya fita, domin bai san me kuma zai yi da shi ba. Ranar ma Aliyu ya ce a fara da na Sabiru.

Ana cikin haka azumi ya matso. Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Abdulaziz, yakan fitar da buhunan gero sadaka gabanin azumi, ya aiko wa limaman unguwanni su raba wa gidajen da suka fi buƙata. Na layinsu ya iso, aka jibge a zauren Liman. Sabiru ya ga buhunan da zai shiga masallaci, kuma Allah ya sani rabin sallarsa ta ranar a zauren nan ya yi ta. Buhu ɗaya zai kai gidansa har bayan salla, a yi kunu a yi tuwo, yarinyar nan ta samu abin da zai riƙe mata ciki.

Bayan an ci an wanke hannu, Liman ya yi gyaran murya. "Jama'a, amana ce anka ɗora min. Mu nan dai alhamdu lillahi, Allah ya rufa muna asiri, kowa na ganin abin da ke fitowa gidan kowa. To ku taimake ni da waɗanda kunka sani suna cikin matsi."

Yazid ya ambaci wata gwauruwa a ƙarshen layi. Aliyu ya ambaci wani makaho. Sabiru yana ta shirin ambaton nasa gidan. Sai Liman ya juyo gare shi.

"Malam Sabiru, kai ka san mutanenku da sunka baro ƙauyuka. Kai za ka nuna muna su. Kuma tunda kana da baro, ka samu ladar kai musu."

"To, Malam," in ji Sabiru. "Allah shi ba mu lada baki ɗaya."

Haka mutumin nan ya shiga tura buhunan gero zuwa gidajen wasu. Da a ce abin da ya gani ya warware masa kai, da da sauƙi. Ya kai wa wata tsohuwa 'yar wajen Wonaka da ke zaune a kango da jikoki, ba ƙofa sai buhun siminti da aka rataya, ya fito yana cewa astagfirullah, ashe shi sarki ne. Daga nan ya kai wa wani mutum da kullum ke zaune a bakin titi da yagaggiyar riga yana ba kowa labarin wahalarsa, ya leƙa ya ga awaki a ɗaure da tukunya tana tafasa, 'ya'yan gidan kuma sun fi nasa kumari. Bai ce mutumin bai cancanta ba, don bai san cikinsa ba. Shi dai ya rasa ma'aunin. In da riga ake aunawa, tasa a wanke take. In da kwano ne, nasa ake fara buɗewa. In kuwa da wuyan yaro ne, to ba wanda ya shigo ya duba, kuma shi ba zai ɗauko 'yarsa ya kai tabarma a gani ba.

Ya yi niyyar samun Liman a keɓe. Ya je ya same shi da hantsi, suka gaisa, Liman ya tambayi iyali, bakin Sabiru ya riga shi cewa lafiya lau. Ya tambayi aiki, ya ce da godiya. Daga nan kuma ta ina za a ɓullo? Ya ɗan yi zancen zafin rana, ya tashi.

Bara'atu ce ta gaji. Wata yamma ya dawo da baro fanko, ta tare shi tun bai zauna ba.

"Buhu nawa ya rage?"

"Guda."

"To ka saurare ni. Kana cewa abokanka masu hali na. Ka san shinkafar da Yazid ke kai muku? Matatai Sa'adatu wankau take yi gidajen ma'aikata, kwanukan aurenta ma sun ƙare wurin dillaliya. Rabin tiya take dahwawa, ta cika kwanon tabarma, ɗiyanta su sha gari. Gidan Aliyu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Shi kanshi Liman, in ba a yi suna ko ɗaurin aure ba, ka tambayi abin da ake ci gidanai."

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Mu muke ara wa juna gishiri ta kan katanga. Ku kuna can kuna cin kunyar juna, kowa na cewa shi kaɗai na baya."

Sabiru ya zauna a bakin baro. Maganar ta ƙi shiga kansa. Yazid da ke ba mutane dariya har su ƙware? Aliyu da ke cewa a ƙara loma? In duk haka suke, to wa ake yi wa wannan wahala? Wa ake ɓoye wa? Ya tuna yadda yake satar kallon kwanon Yazid yana jin ƙanƙanta, sai ya yi tunanin wataƙila shi ma Yazid haka yake satar kallon nasa. Abin ya so ya ba shi dariya, ya kuma so ya sa shi kuka, daga ƙarshe bai yi ko ɗaya ba.

Da magariba ta yi, Bara'atu ta zuba miyar gaba ɗaya yadda take, ba ta ƙara ruwa ba, ta tara yara suka sa hannu. Ta wanke kwanonsa tas, ta rufe shi da murfi, ta miƙa masa.

"Ba komi ciki," in ji shi.

"Na sani. Tunda bakinka ya kasa, kai musu wanga ya yi magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka buɗe shi gaban Liman, ba sai ka ce uffan ba."

Ya duba yaran. Halimatu Sadiya ta cusa hannu biyu a miya, tana ci tana lumshe ido. Bai taɓa ganin tana cin abinci haka ba. Ya karɓi kwanon.

Tsakanin ƙofarsa da masallaci ba nisa, amma ranar ya ji hanyar ta yi tsawo. Yana riƙe da kwanon da hannu biyu kamar mai nauyi, yana jin haushin kansa da yake yin hakan. Ya yanke shawara a ransa. Zai buɗe. In sun raina shi, su raina. In gobe ya koma "kai mai baro" har a layinsu, ya koma. Buhun dai ya shiga ɗakinsa.

Ya tarar an hallara. Ya yi sallama, ya ajiye kwanon a gabansa, ya zauna. Liman ya ce kafin a fara, buhu ɗaya ya rage, kuma Alhaji yana so a gama rabo gobe, duk wanda ya tuna da wani ya faɗa. Aliyu ya buɗe taliyarsa, Liman ya buɗe nasa.

"A fara da na Sabiru," in ji Aliyu.

Sabiru ya miƙa hannu zai ɗaga murfin, amma Yazid da ke kusa da shi ya riga shi. Ya ɗauki kwanon zai tura tsakiya kamar yadda ya saba. Hannunsa ya ɗaga sama fiye da yadda ya yi niyya, don ya shirya wa nauyin da babu. Ya tsaya. Bai dubi Sabiru ba, ko da wutsiyar ido. Sai ya yi dariyar nan tasa, ya zagaya da kwanon ya ajiye a bayansa.

"A'a, yau kam ban yarda ba. Kullum sai ku cinye na Sabiru ku bar min shinkafata ta huce. Yau tawa za a fara, wanga shi na ƙarshe."

Aka yi dariya, aka sa hannu. Yazid ya yi ta ba da labarin wani da ya kawo ɗinkin wando ya dawo ya ce ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ashe ƙafar tasa ce. Yana labarin yana tura wa kowa kwano, yana cewa Liman ya ƙara, Aliyu ya ƙara. Shi kansa loma kaɗan ya yi. Sabiru yana zaune, hankalinsa yana kan kwanonsa. Kwanon yana bayan Yazid, hannu ɗaya zai miƙa ya ɗauko. Sau da yawa ya ji kafaɗarsa ta motsa. Amma ɗauko shi yanzu tona kansa ne, kuma watsa wa Yazid ƙasa a ido ne, mutumin da ya bar cikinsa da yunwa don ya rufe shi.

Da kwanuka suka yi fanko, Yazid ya shafa ciki ya yi gyatsar da ba ta kai zuci ba. "Wallahi ni na cika. Akwai mai sauran wuri?" Bai jira amsa ba ya ɗauko kwanon da hannu biyu, ya ɗora wa Sabiru a cinya. "Mai da wa yara, su ma su ji daɗin hannun innarsu."

"Madalla," in ji Liman. "Gidan da ake mai da kwano cike, Allah shi ƙara mai albarka." Sannan ya ce tunda ba wanda ya tuna da kowa, akwai wani mai gadi a bayan makaranta da aka ba shi labari, gobe da safe Malam Sabiru ya taimaka ya kai masa.

Sabiru ya ce to.

A hanyar komawa ya rasa abin da ke cikin ƙirjinsa. Ba a taɓa yi masa alheri irin wanda Yazid ya yi masa yau ba, kuma ba a taɓa cutarsa irin haka ba. Yana son ya koma ya rungume shi, yana kuma son ya shaƙe shi. Ya tabbata da shi ne ya ɗaga kwanon Yazid ya ji shi fanko, abin da zai yi ke nan, ba ragi ba ƙari, ya kuma kwana yana ganin ya yi aikin lada.

Bara'atu tana zaune a bakin ƙofa da yarinyar a cinya. Ta dubi kwanon, ta dubi fuskarsa.

"Sun gani?"

"Yazid ya ɗauka. Ya ji. Bai bari an buɗe ba."

"Buhun fa?"

"Da safe zan kai shi bayan makaranta."

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta karɓi kwanon ta ajiye a gefe, ko wanki ba ya buƙata. Ya daɗe a tsaye yana murza hularsa. Ya san abin da zai faɗa ba daidai ba ne, ya kuma rasa wani abin da zai faɗa in ba shi ba.

"Bara'atu," in ji shi a hankali. "Gobe ki zuba wani abu ciki, ko kaɗan na. Yazid ba zai iya yi min haka sau biyu ba."